Rasuwar Isa Lef, Mai Lasisi, a Kwalbatin Fadama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda rabinsa haushi ne, iyalan Mudassir Abdulsalam na Zangon Amarya suke sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Gaya da Ajingi da ƙauyukan da ke tsakani rasuwar na'urarsu ta wasan tseren mota, wadda kowa ya sani da suna Isa Lef. Mun san na'ura mace ce a bakin Bahaushe, amma muryar da ke cikinta ta namiji ce, don haka marigayi za mu ce. Ya rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a kwalbatin Fadama, yana da shekara huɗu a hannunmu, ban da waɗanda ya yi a hannun Turawa.

Kai da kake karanta wannan takarda a bangon tasha ko a wayarka, kada ka ce ba ka san wurin ba. Ka san shi sarai. Damina uku ke nan kana wuce ramin nan. In kana kan babur ka ɗage ƙafa, in kana cikin mota ka ce wa direba ya bi a hankali, ka juya kai ka kalli gonar shinkafa har a wuce, sannan ka ɗora hirarka daga inda ka tsaya. Ka kuma san cewa hanyar burjin nan ita kaɗai ce ke fitar da mutanen Zangon Amarya zuwa kwalta, kuma ruwa ya cinye ta a wurin sai abin da bai fi faɗin tabarma ba. Abin da watakila ba ka sani ba shi ne, Ummu Salma, matar Mudassir, cikinta ya kusa cika wata takwas, kuma tun a haihuwar farko aka gargaɗe ta cewa ta biyu a asibitin Gaya za ta yi ta, ba a ɗaki ba. Ka riƙe wannan a ranka, mu ci gaba da zancen mamaci.

Marigayin ɗan Kwatano ne, wato na hannu. Kawun Mudassir ne ya zo da shi daga Kano a cikin kwali, tare da sitiyari da abin takawa da faifai ɗaya tak. Mudassir direban adaidaita sahu ne. Da safe yana jigila tsakanin ƙauye da kwalta, bayan la'asar kuma sai ya shiga rumfarsa ta gefen tasha, ya haɗa marigayin da batirin sola, ya kunna talabijin. Daga nan tasha ta watse, kowa ya dawo rumfa.

Ga waɗanda ba su samu ganinsa da rai ba, irin tseren da yake yi ba irin na motoci su jeru su tashi tare ba ne. Kowace mota ita kaɗai take shiga hanyar daji, cikin tsakuwa ko taɓo ko ƙanƙara, agogo ne abokin hamayyarta. Mutum biyu ne a ciki: direba, da wani a gefensa riƙe da littafi yana karanta masa hanyar da ke gaba tun kafin a iso ta. Muryar wannan na gefen ce ta ba marigayin suna. Ranar farko da aka kunna shi, mota na tashi sai aka ji, “Isa lef. Isa lef. Isa rayit.” Kabo, shugaban direbobin tasha, ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Wai wane ne Isan nan da ake ta kira ya ƙi amsawa?” Mudassir ya yi bayani cewa Turanci ne, ana nufin kwana ce mai sauƙi ta hagu ko ta dama. Ba wanda ya karɓi bayanin. Aka yanke cewa Isa Lef ne babba, Isa Rayit ƙanensa, kuma uwarsu ɗaya.

Akwai wata kalmar da yake faɗa idan haɗari na gaba, wadda ke nufin a yi hattara: “Koshin, koshin.” Goggo Hanne, yayar mahaifin Mudassir, da ke tuyar ƙuli-ƙuli a bayan rumfar, takan amsa masa ba tare da ta ɗago kai ba, “Alhamdu lillahi ɗan nan, mun ƙoshi.” Shekara huɗu suna wannan gaisuwa, ba su taɓa saɓawa ba.

Dole mu ambaci nasabarsa, don Mudassir ba zai yafe mana ba idan muka tsallake. Faifan marigayin ba jabu ba ne. Na asali ne, da hatimi mai ƙyalli a jikin gidansa, shaidar cewa masu shirya tseren na gaskiya sun ba da izini a rubuce a sa motocinsu da hanyoyinsu a ciki. Mudassir ya kafe gidan faifan a ginshiƙin rumfa, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa. Iyalai suna alfahari da sanar da jama'a cewa a duk tashar Zangon Amarya, daga masu babur har masu a-kori-kura, marigayin ne kaɗai yake da lasisin da bai ƙare ba. Wanda ya ji zafin wannan magana ya fito da nasa mu gani.

An shaide shi da kyawawan halaye. Bai taɓa ɗaukar mutum bakwai a kujerar mutum uku ba. Bai taɓa cewa fasinja ya sauko ya tura ba. Gargaɗinsa kafin rami yake zuwa, ba bayan an faɗa ba. Idan ka kifar da mota ba ya zagin iyayenka, sai ya ɗago ka ya ajiye a kan hanya, ya ƙara maka lokaci a agogo don ka san laifinka ne. Bai taɓa ɗora wa ƙaddara abin da direba ya yi da hannunsa ba. Ya kuma nuna mana ƙasashen da ko hanyar dajin da aka ware don wahala an auna ta, an sa mata alama, an tsayar da mutane a wuraren haɗari. Ranar da Mudassir ya zaɓo hanyar da aka ce ita ce mafi wuya a faifan, mai duwatsu da kwazazzabai, Kabo ya kalla har ƙarshe ya ce, “Yanzu wannan ce suke kuka da ita? Ai wannan titi ne. A kawo su Fadama.” Aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Mu ma mun yi. Abin kunya ne aka faɗa, muka ɗauke shi kirari.

A nan ne labarin ya fara karkacewa, kuma mamacin ba shi da laifi. Mudassir mutum ne mai kai. Ya zauna ya yi tunani: in Isa Lef zai iya karanta hanyar ƙasar ƙanƙara, me zai hana a karanta tamu? Ya sayi littafin makaranta, ya kwashe kwana uku yana bin hanyar da ƙafa daga tasha har kwalta, yana ƙirga taku yana rubutawa. “Rijiyar makaranta, taku ɗari, rami a tsakiya, bi hagu. Kuka biyu, yashi, kada ka taka birki. Gidan Fulani, kwana, shanu. Cediya, koshin, manne dama.” Rami arba'in da ɗaya ya rubuta, kowanne da adireshinsa.

Littafin ya yi farin jini. Direbobi suka ɗauki hotonsa a waya. 'Yan acaɓa suka haddace shi kamar karatun jarrabawa. Fasinjoji suka koma suna karantawa tare, direba ya ce “Kuka biyu,” bayan mota ya amsa “yashi.” Aka daina fasa taya, aka rage faɗuwa, aka yi ta sa wa Mudassir albarka. A duk tsawon wannan lokaci ba a samu mutum ɗaya, har da mai rubuta wannan sanarwa, da ya ce tunda mun san inda ramukan suke, mu je mu cike ko guda ɗaya ba. Gari guda ya zauna ya yi digiri a kan kaucewa.

Ita kuwa cediyar da ke cikin littafin, ga asalinta. Daminar da gefen kwalbatin ya fara zaftarewa, wani bawan Allah ya saro reshen cediya ya soka a bakin ramin don masu wucewa su gani, kamar yadda aka saba, kafin a zo a gyara. Kowa ya san halin cediya, ko a ina ka soka ta kamawa take yi. Reshen ya jira masu gyara har ya gaji, ya yi saiwa. Damina ta biyu ya yi ganye. Ta uku ya fi mutum tsawo, har masu dawowa daga gona suna tsayawa a ɗan inuwarsa su sha fura. Alamar da aka sa ta kwana biyu ta zama bishiya, mu kuwa muka mai da ita suna a littafi.

Ciwon ajalin marigayin ya fara ne tun bazara. Fankarsa ta soma tari, jikinsa ya riƙa zafi, ana tsakiyar tsere sai ya ɗauke, ya bar mutum riƙe da sitiyari yana kallon baƙin gilashi. Mudassir ya yi jinya iyakar ƙoƙarinsa. Ya hura masa iska da famfon keke. Ya ɗora shi a kan murfin randa don ya ji sanyi. Ya hana kowa taɓa shi kafin rana ta yi sanyi. Cikin makon ƙarshe muryar ta fara sarƙewa, sai ya ce “Isa, Isa, Isa,” ya kasa ƙarasawa. Nan Mudassir ya yanke shawarar kai shi Gaya wurin Malam Yusuf mai gyaran kayan wuta.

Ranar Talata aka wayi gari da ruwa mai ƙarfi, bai ɗauke ba sai da hantsi. Mudassir ya naɗe marigayin a bargo, ya sa a kwalinsa na asali, ya ajiye a gefensa a kujerar gaba. Goggo Hanne ta shiga baya da bokitin ƙuli-ƙuli da galan ɗin man gyaɗa da za ta kai wa masu saye a Gaya. Suka wuce rijiya, suka wuce kuka biyu, suka wuce gidan Fulani. Da suka gangaro Fadama, ruwa ya shafe hanya gaba ɗaya, ja wur, ba a gane tudu ba a gane rami. Mudassir bai damu ba, don ya san karatunsa. Ya rage gudu yana neman cediya, in ya gan ta ya manne dama.

Babu cediya. Ya ɗauka bai iso ba tukuna, ya ƙara gaba kaɗan yana dubawa. Wannan kaɗan ɗin ne ya ishe su. Tayar baya ta hagu ta zurma, adaidaita ta kwanta a gefe, Goggo ta zame ta yi wajen ruwa, kwali ma ya zame ya yi wajen ruwa. Hannun Mudassir ɗaya yana riƙe da ƙarfen rufi, ɗaya ne kawai ya rage masa. Ya ga kwalin, ya ga Goggo. Ya cafki Goggo a wuyan hannu ya riƙe, ruwa na jan zanenta, har masu aiki a gonar shinkafa suka rugo suka ciro ta. Kwalin ya juya sau biyu a bakin kwalbati ya shige. Marigayin da ya ratsa ƙanƙara da duwatsun ƙasashen duniya ba ko ƙwarzane, ya zo ya ƙare a kilomita huɗu da gida.

An same shi da azahar a gonar Muhammad Auwal, ya maƙale a kunya. Aka binne shi a buhun shinkafa kwana uku don ta tsotse ruwan jikinsa, bisa shawarar masana na tasha. Ranar Juma'a Mudassir ya goya shi, ya ratsa ruwan da ƙafa, ya hau babur a ɗaya gefen ya kai shi Gaya. Malam Yusuf ya kwance murfi, taɓo ya zubo a kan teburinsa, da talibambam guda biyu, ɗaya da rai. Ya mai da murfin a hankali ya ce, “Mudassir, sai haƙuri. Wannan ya riga mu.”

Sai daga baya aka san abin da ya sami cediyar. Da damina dabbobi a turke suke, ganye kuwa sai an nemo. Ranar Litinin da yamma wani ya bi ta Fadama da adda, ya ga cediya ta yi lif, babu mai ita, ya sare ta tun daga gindi ya kai wa ragonsa. Da ba mu yi niyyar faɗin sunansa ba, amma shi ya kawo kansa. Kabo ya zo gaisuwa gidan su Mudassir, ya tarar da Goggo Hanne a kan tabarma, mai ɗori ya ɗaure mata hannu da karare.

Ya durƙusa ya ce, “Sannu Yaya Hanne. Ya jiki? Abu ne na ƙaddara, sai a yi haƙuri.”

Ta ce, “Na ji sauƙi. Ya ragon?”

“Wane rago?”

“Wanda ya ci ƙaddarar. An ce har ya yi kumatu.”

Kabo ya gyara hula ya ce shi bai san bishiyar tana aiki ba, kuma ai maganar kwalbatin an rubuta takarda tun bara.

Goggo ta ce, “Ina takardar?”

“Tana nan wurina, ana jiran a buga ta a inji.”

“To ka ba ragon ita ma, kada ta lalace.”

Mudassir yana zaune a bakin ƙofa. Da Kabo ya fita, sai Mudassir ya ce, “Goggo, ki bar shi. Shi ya sare, amma ni na rubuta ta a littafi kamar dutse ce. Kwana uku na yi ina ƙirga ramuka. Da shebur na ɗauka, da na cike biyar.” Tun ranar bai sake tayar da adaidaita ba. Ya ce ba zai ɗauki ran kowa ya bi ta wurin ba, balle na Ummu Salma. Kullum da safe yana zuwa Fadama da ƙafa ya auna abin da ya rage na hanyar da igiya. Ranar Laraba taku biyar ne. Jiya uku da rabi.

Marigayin ya rasu ya bar mata ɗaya, wato talabijin, wadda take takaba a rumfa an lulluɓe ta da zane. Ya bar sitiyari, wanda fatarsa ta siɗe saboda hannun jama'a. Ya bar tagwaye, totur da birki. Totur ya tsufa ya lanƙwashe, birki kuwa yana nan sabo fil kamar yau aka kawo shi, don a shekara huɗu ba a samu ɗan garin nan da ya ga dalilin taka shi ba. Ya bar faifai mai lasisi, maraya, ba shi da inda zai shiga. Ya bar ƙanensa Isa Rayit, wanda ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ana kyautata zaton tare suka tafi. Ya kuma bar littafin ramuka arba'in da ɗaya, wanda iyalai suka yanke shawarar ba za a sake ba kowa aronsa ba.

Game da jana'iza, an tuntuɓi Liman. Ya ce babu wanka, babu likkafani, babu salla, kuma duk wanda ya ji yana nema wa akwatin roba gafara zai gamu da shi. Amma ya ce gayya halal ce, shi ma zai zo da kwandonsa. Saboda haka ga yadda aka tsara.

Za a taru a tashar Zangon Amarya ranar Asabar mai zuwa da an idar da sallar asuba. Za a ɗauki mamacin a baro zuwa Fadama, a ƙasa, don kowa ya taka hanyar da ƙafarsa ya gan ta da idonsa. Ba a buƙatar masu haƙa. Kabarin a haƙe yake, damina uku muka yi muna haƙa shi tare, kowa da gudummawarsa ta kawar da kai. Za a sa marigayin a buhun farko, a ajiye shi a can ƙasa, sannan a bi shi da marmara da buhunan ƙasa har sai gefen kwalbatin ya tashi daidai da hanya. Masu amalanken shanu su wuce kai tsaye wurin ɗibar marmara. Masu a-kori-kura na Ajingi da Gaya da suke cin kasuwar gyaɗarmu duk kaka, wannan karon ku shigo da kaya maimakon ku fita da shi. Kabo ya yi alkawarin kwanon sarki goma, kuma an rubuta a nan don kada ya manta.

Mun san dutse da buhu ba za su maye gurbin sabon kwalbati ba. Za su dai riƙe hanya zuwa ƙarshen damina. Don haka babu zaman makoki, ga abin da zai tsaya a madadinsa. Ranar uku, takardar nan da ta shekara a aljihu za ta fito, an buga ta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, mutum ashirin su kai ta da ƙafarsu ofishin da alhakin hanyar yake wuyansa. Ranar bakwai a koma a tambayi inda ta kwana. Ranar arba'in, in ba a ga ma'aikata a Fadama ba, gari duka zai je gaisuwa ofishin, da tabarmi.

Iyalai ba sa karɓar ta'aziyya ta waya. Ba sa karɓar hoton fuska mai hawaye, ba sa karɓar “Allah ya kiyaye gaba” daga bakin wanda yake da hannu biyu masu lafiya. Wannan karon akwatin roba muka ciro daga gonar shinkafa, shi ya sa kake karantawa kana murmushi. Ummu Salma saura mata sati biyar, ko ƙasa da haka, hanya kuwa saura taku uku da rabi, ga hadari yana haɗuwa kullum da yamma.

Ka ajiye wayar nan ka je ka nemo shebur. In ba ka da shi ka ara, in ba a ba ka ba ka zo da kwano. Asabar, bayan asuba, a tasha. Ka zo.